Ƙasar Gindin Gawo

Da sunan Allah nake farawa, shi ne kuma shaidata a kan abin da zan faɗa.

Ku ukun nan, Bashiru da Zainabu da Aminu, kun buɗe ido kun tarar da katanga a tsakiyar gidanmu, ta raba mu da sashen Baffanku Abdu, Allah ya jiƙansa. Na san abin da kuke ji a gari. Wasu na cewa taurin kaina ne ya jawo, wasu na cewa Innarku ce ta zuga ni, har akwai masu cewa na ɗan taɓu bayan rasuwar yayarku, shi ya sa aka riƙa ganina da jaki ina jido ƙasa alhali ba gini nake ba. Taurin kai kam ina da shi, ba na musu, kuma Zainabu ta kwashe rabonta da na 'yan'uwanta. Amma Innarku ba ta da laifi ko na ƙwayar gero, Baffanku ma haka. Tunda idona ya fara gajiya, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, kada ku tsince shi guntu-guntu a bakin kasuwa.

Lokacin da zinare ya bayyana a dajinmu na ƙasar Bukkuyum, ni ne na fara shigo da dutsen zinaren gidan nan. Ku riƙe wannan da kyau, don duk abin da ya biyo baya a kansa yake tsaye. A lokacin ni da Yaya Abdu gandu ɗaya muke noma, tukunya ɗaya ake ɗora mana, tsakar gida ɗaya yaranmu ke wasa. Shi manomi ne tsantsa, ba ya son abin da bai gada ba. Ranar da ya gan ni na sauke buhun dutse kusa da rumbu, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa.

"Mani, dutsen ga ka bar shi daji," ya ce. "Ba mu san mi ac cikinai ba, ga yara."

"Haba Yaya, dutse na hwa, ba maciji ba. Ba komi."

Haka na ce masa, ina dariya. Mata suka shiga daka dutse a turmin da suke daka gero, garinsa ya bi iska ya sauka a tsakar gida, a kan tabarmi, a bakin randa. Ni na yi aure a makare, bayan matata ta farko ta rasu ba ta bar baya ba, don haka yarinyar da Innarku ta haifa ita ce 'yar fari gare ni, ita ce kuma 'yar fari gare ta. Kun san al'adarmu, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a nuna ana son shi a gaban mutane. "Yarinyar nan" muke ce mata. Ba ta cika shekara uku ba. Wurin zamanta bayan ɗakin Innarku, cikin ɗan lambun da muka gada daga kakarku, tana tonon ƙasa da yatsa tana kai wa baki kamar kowane yaro. Sai amai, sai jijjiga, sai ido ya juye. Sani, ƙaramin ɗan Yaya Abdu, ya riga ta rasuwa da kwana shida. Sai daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, ta shiga ƙasa, ta shiga jinin yara.

Innarku ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Kunyar 'yar fari ta hana ta. Mata suna shigowa gaisuwa, ita ce mai shimfiɗa musu tabarma, ita ce mai cewa a yi haƙuri. Ni kuwa da nake ganinta kullum, na san abin yana cin ta daga ciki, kuma ba ni da bakin lallashi, don ni na kawo.

Kafin damina ta faɗi aka turo ma'aikata da shebur da baro. Gida-gida suka bi suna kankare ƙasar tsakar gida, suna ɗurawa a buhu, ana kaiwa wani rami can nesa ana binnewa. A madadinta aka kawo jar ƙasa mai tsabta da aka haƙo daga ƙarƙashi, aka baza mana. Aikin alheri ne, shi ya ceci yaran da suka rage, kada ku taɓa jin na zarge shi. Amma a cikin abin da aka kwashe har da ƙasar lambun bayan ɗaki, baƙar ƙasa mai laushi wadda kakarku ta yi shekaru tana ciyar da ita da toka da kashin awaki da ruwan wanke-wanke. Dattawan gari kuma suka tsayar da magana a masallaci: daga yau ba mai shigo da dutse ko ƙasar waje cikin gida, sai wadda ma'aikata suka auna.

Da ruwan fari ya sauka, Innarku ta ɗauko ƙullin irinta ta shuka rama da yakuwa da kuɓewa a bayan ɗaki, daidai wurin da yarinyar ke zama. Na gane dalilinta. Irin ya tsiro, ya yi kunne biyu, ya tsaya. Cikin kwana goma ganyen ya koma ruwan ɗorawa ya kwanta. In an yi ruwa ƙasar ta yi caɓi, in rana ta fito ta daskare kamar daɓen ɗaki. Ko tana ɗaya ba ka gani, ko tururuwa ba ta bi ta wurin. Na sayo takin zamani ran kasuwa na barbaɗa, ganyen ya ɗan farfaɗo na mako guda, ya sake komawa gidan jiya. Wata safiya na tarar da ita tsugune a wurin, tana murza ƙasar a tafin hannu.

"Malam, ƙasag ga ba ta da rai," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Waccan ta ci man yarinya, wagga ko ta hana man ko ganye guda. Ba ni iya zama nan. In kaka ta yi, ka mai da ni Gummi gidanmu."

Ba yaji take nufi ba, ba kuma fushi a muryarta. Da fushi ne ma da na fi samun sauƙi. A ranar ta ƙulle kayanta cikin babban zane ta ɗora a kan gado ta wajen bango, kullum in na shiga ɗakin sai mun haɗa ido da ƙullin nan. Na san in ta tafi ba za ta dawo ba, na kuma san ba ni da hujjar hana ta. Sai na sa a raina cewa in wani abu ya yi kore a bayan ɗakin nan kafin kaka, wataƙila ta zauna. Ba ta yi mini alkawari ba. Ni dai na riƙe wannan don ba ni da wani abin riƙewa.

Muna da wata gona cikin gandun babanmu, tafiyar sa'a guda da jaki, wadda muke kira gonar gawo saboda wani tsohon gawo da ke tsakiyarta. Kowace shekara muna tara sassabe mu ƙone kafin shuka kamar kowa, amma babanmu bai taɓa yarda a kai wuta gindin gawon nan ba. Bai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da rani Fulani ke sauka da shanu a inuwarsa suna cin 'ya'yan, da damina ta kama ganyensa ya zube ya ruɓe a wurin. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, in ka damƙa ta sai ta warwatse a hannu, tana ƙamshi irin na ruwan fari. Geron wurin kullum ya fi na ko'ina tsawo. Ita na yi niyyar kawo wa Innarku. Na sami Yaya Abdu a zaure, tunda shi ne babba a gida, na faɗa masa. Ya ce a'a tun kafin in rufe baki.

"To in na ƙona ta hwa?" na ce. "In sa ta wuta sai ta yi zahi jawur, duk cutad da ac ciki ta mutu, kana in kawo."

 Mu dai mun taso mun san wuta ce mai tsarkake abu. Wanzami na sa askarsa a wuta, in dabba ta mutu da ciwo ana ƙone wurin, gona ma da wuta muke share ta. Can ya gyaɗa kai.

"In ka ƙona ta ƙwarai, to."

Na ari rabin duro na kai gonar gawo, na girka shi a kan duwatsu, na tara kara. Yini biyu na yi ina zuba ƙasa ina juyawa da shebur kamar mai suyar gyaɗa. Ina ganin wasu fararen zare sirara cikin ruɓaɓɓen ganye suna nannaɗewa suna baƙi, ina ganin tana na murɗe-murɗe tana mutuwa, ni kuwa daɗi nake ji, ina cewa ga cuta nan tana ƙonewa. Ƙamshin nan ya tafi, ƙasar ta koma kamar toka-toka. Na lodo wa jaki, na zube a bayan ɗaki, na gauraya da jar ƙasa, na roƙi Innarku ta sake shuka. Ta shuka don kada ta kunyata ni. Wannan karon tsiron ya ɗan fi na farko, ya kai tsawon yatsa, sa'an nan ya tsaya cik ya fara ɗashewa. Ta daina leƙa wurin ma gaba ɗaya.

Ana gab da shiga marka ma'aikatan nan suka dawo sake auna gidaje da na'urarsu, wadda ake ɗora wa ƙasa ta nuna ko akwai dalma. A cikinsu akwai wata malamar gona, Malama Saratu, mace mai ɗan shekaru, 'yar Gummi. Da ta ji Innarku 'yar garinsu ce sai hira ta ɓarke, har ta kai su bayan ɗaki. Ta ga shukar, ta duƙa ta ɗebi ƙasa ta sansana, ta sa aka kira ni. Ta tambaye ni inda na samo wannan ƙasa mai launin toka. Na faɗa mata duka, har da ɗan alfaharina na yini biyu a bakin wuta. Ta dube ni, ta dubi Innarku, ta sauke numfashi.

"Malam Mani, wuta ba ta kashe dalma. Dalma ba rai gare ta ba, balle ta mutu. Da akwai ta cikin ƙasag ga, da ka kawo ta gida yadda take."

 Ashe da Allah bai tsare ba, da na sake shigo da mutuwa gida karo na biyu, da hannuna, da izinin yayana. Ta kira mai na'ura ya auna wurin a gabanmu, aka ce babu komai. Sai da ta ga na dawo cikin hankalina ta ci gaba.

"Abin da kak kashe ko, shi na abin da kat tahi nema."

Ta zauna a kan turmi ta yi mana bayani da Hausar da za mu gane. Ta ce ƙasa mai kyau cike take da ƙananan halittu masu rai waɗanda ido ba ya gani, su ke cin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba su mai da shi abincin shuka. Ta ce fararen zaren nan da na ga suna ƙonewa dangin funfuna ne, amma masu amfani, wasunsu na ruɓar da ganye, wasu kuma na manne wa saiwar shuka su miƙa cikin ƙasa su jawo mata ruwa da abinci daga inda saiwar ba ta kaiwa, ita kuma ta ba su ɗan zaƙin da take yi. Jar ƙasar da aka kawo mana daga ƙarƙashi take, ba ta da cuta, amma ba kowa a cikinta. Ni ina ta zare ido ina ƙoƙarin kamo zancen. Innarku ce ta riga ni.

"Kamar nono ke nan," ta ce a hankali. "In za a kwantar da madara sai an ɗiga na jiya ciki. In ko kit tahwasa na jiyan, ba shi kamawa."

"Awo, 'yag garinmu, ke kin gama ganewa. Mijinki na yat tahwasa shi."

Ranar ce na fara ganin wani abu mai kama da murmushi a fuskar Innarku tun bayan rasuwar. A kaina aka yi shi, amma na karɓa hannu biyu.

Washegari na ja su har gonar gawo. Suka auna gindin itacen wuri-wuri, suka auna tsohon makwancin shanu, duk tsaf, don ba a taɓa kai dutse wajen ba. Malama Saratu ta ɗaga ruɓaɓɓen ganye ta nuna mini zaren nan a shimfiɗe. Ta tumɓuke wani wake da ya fito da kansa, ta nuna mini 'yan ƙuraje a saiwarsa, waɗanda ni duk rayuwata nake ɗauka ciwo ne. Ta fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Ta ce nan ne wasu daga halittun ke zaune suna yi wa wake taki daga iska, shi ya sa gero ke kyau a inda aka yi wake bara. Ta koya mini yadda zan yi: in ɗebi ta sama-sama tare da ganyenta, da sassafe, in rufe da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta buge ta, in zuba tafi guda a kowane rami tare da tsohon kashin shanu na wurin, in fara da wake, in lulluɓe ƙasar da ciyawa da ƙaiƙayi, kada in bar ta tsirara, ba wuta, ba feshin magani. Sa'an nan ta ɗaga mini yatsa ta ce halittun nan ba sa cin guba, kada in kuskura in ɗebo daga inda ba a auna ba, ko da ƙasar ta fi wannan baƙi.

Mai gari ya ce tunda an auna, dokar masallaci ba ta hana ba. Saura Yaya Abdu. Na faɗa masa da yamma, ya tashi ya bar ni zaune. Na sake tarar sa washegari bayan azahar, ya ce ya riga ya gama magana. Ga marka ta kama, in wake bai shiga ƙasa cikin kwanakin nan ba shekarar ta wuce, ga ƙullin kaya a kan gado. Rana ta uku na yi sammako na tafi gonar gawo. Da hantsi na dawo da jaki, na tarar da shi tsaye a ƙofar zaure, ya san inda na je.

"Mani, mi ac cikin mangalan ga?"

"Ƙasag gindin gawo ta, Yaya."

"Ka ƙona ta?"

"A'a. Ɗanya ta. An auna ta gabana, ba komi."

"Ba komi." Ya maimaita kalmar a hankali. "Haka kac ce man ranad da kas shigo da dutse."

 Na ce masa wannan karon ba ni na faɗa ba, na'ura ce ta auna.

"Na'ura ba ta ɗauki Sani ta kai kushewa ba. Ni nik kai shi, bisa hannun ga. Ɗiya biyu sunka rage man, Mani. In ƙasag ga ta shiga ta ƙohwag ga, ni da kai mun raba tsakar gida."

Bai ɗaga murya ba. Ya matsa gefe ya bar mini hanya, don in zaɓa da kaina. Na tsaya riƙe da igiyar jaki, ruwa na ɗiga daga jiƙaƙƙen buhun. Ina so ku san gaskiya a nan: ban tsaya a wurin ina da tabbaci kamar annabi ba. Na'urar da ban san yadda take aiki ba na gaskata, da maganar matar da na sani kwana uku kacal. Mutumin da ke gabana kuwa shi ya goya ni a kafaɗa ina yaro, shi ya biya mini karatu a allo, kuma sau ɗaya da na saɓa masa, yara biyu muka binne. Duk wannan na sani. Na ja jakin na shiga.

Kafin la'asar ya kafa zana daga bakin rumbu zuwa bangon gabas. Da rani ya yi, ya buga tubali ya mai da ita katangar da kuke gani, ya fasa tasa ƙofar ta wancan gefe. Bayan girbi aka raba gandu. Ya ɗauki fadama da gonar bakin gari, na ɗauki gonar gawo, ita ce ƙarama kuma mafi nisa. Ni na roƙa, ba wanda ya cuce ni, ban kuma cuci kowa ba. Ba mu yi gaba ba. Muna gaisawa a masallaci, ina zuwa masa barka da salla, ya yi muku huɗuba duk ku ukun. Amma ƙafarsa ba ta sake taka sashenmu ba, ya hana 'ya'yansa wasa a tsakar gidanmu, kuma duk abin da aka dafa da ganyen bayan ɗaki, in an kai masa, a rufe yake dawowa. Wannan ya fi mini zafi fiye da rabon gandu nesa ba kusa ba.

Waken kuwa ni na shuka shi da kaina, don Innarku ta ce ta gaji da binne iri. Na yi yadda aka ce, na sa yakuwa da rama a tsakani, na lulluɓe da ciyawa. Mako biyu ba abin nunawa. Ya tsiro kamar na baya, ya yi kunne biyu kamar na baya, ni kuwa kullum ina cewa na rasa ɗan'uwa a banza. A mako na uku ganye na uku ya fito, na huɗu ya biyo, kuma koren bai ɗashe ba, ƙara duhu yake. Waken ya fara yaɗo. Ban ce mata ta zo ta gani ba, na dai bar abin ya yi magana da kansa.

Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar fartanya da na manta, na hango ta a bayan ɗaki. Ta ɗaga ciyawar da na shimfiɗa, ta tura yatsu cikin ƙasa. Ƙasar ta buɗe mata, ba kamar da ba. Ta ɗago hannu, ga tana guda tana motsi a tafinta, ga farin zare ya bi ƙarƙashin ciyawar. Ta tumɓuke wake ɗaya, ta dubi saiwar, ta fasa ƙurji da farce kamar yadda na ba ta labari. Ta kai ƙasar hancinta ta daɗe tana shaƙa. Ta san ina tsaye a bayanta.

"Nan Habsatu ka zama," ta ce.

Tun ranar suna ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sai ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe shekara guda da wani abu, tana durƙushe cikin wake, hannunta duk ƙasa. Na tsuguna kusa da ita, ni ma na yi nawa. Ga shi yau na rubuta muku sunan yayarku da hannuna, ku riƙa sa ta a addu'a da sunanta.

Da kaka ta yi, kawunku ya zo daga Gummi a kan babur don ya tafi da ita, yadda suka shirya. Ta dafa masa abinci, ta cika masa buhu da busasshiyar yakuwa da wake, ta ce ya kai wa tsohuwa, ya ce mata tana gaisuwa. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Da na shiga ɗaki, babban zanen nan yana shanye a kan igiya, kayan sun koma mazauninsu. Shekarar da ta zagayo aka haifi Bashiru.

Tun daga nan ban sake ƙone sassabe a gonata ba, ana ta yi mini dariya ana cewa ƙyuya ce, har aka gaji aka daina. Matan unguwa suka riƙa zuwa da ƙwarya, Innarku na ɗibar musu daga bayan ɗaki, tana gaya musu yadda za su yi. Yanzu da zuwa gonar nesa ya zama sai an yi shahada, ƙasar bayan ɗakin nan ita ce irin da ya rage mana a hannu. Ku ciyar da ita, ku rufe ta, kada ku kai mata wuta, duk wanda ya roƙa ku ba shi. Katanga kuma kada ku rushe ta sai 'ya'yan Baffanku sun ce a rushe, don tasu ce, kuma da dalili aka gina ta.

Shekara uku ke nan da Baffanku ya kwanta ciwon da bai tashi ba. A ƙarshe-ƙarshe ya daina cin komai. Wata rana da azahar matarsa, Innarku Kulu, ta leƙo ta kan katanga ta ce yana son kwaɗon rama. Da ta ce masa za ta aika kasuwa, sai ya ce ba na kasuwa ba, na bayan katanga. Innarku da ta haife ku ta tsinko ramar da hannunta ta dafa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ni kuma na ɗauki kwanon na fita ta ƙofarmu, na zaga ta titi, na shiga ta tasa. Na tarar da shi an jingina shi da bango, ya rame har na kasa duban fuskarsa sosai. Ya buɗe kwanon, ya sansana, ya yi loma uku a hankali.

"Irin na tsohuwarmu," ya ce.

"Shi na, Yaya."

Ya ture kwanon, ya huta, sa'an nan ya kama hannuna.

"Mani, ni ban yi kuskure ba da nij ji tsoro."

"Ba ka yi ba, Yaya."

"Kai ma ba ka yi ba." Har na ɗauka ya gama, sai ya ƙara da cewa, "Na biyun."

Kwana huɗu bayan nan ya cika. Na farkon, wato shigo da dutsen, bai ce komai a kansa ba, ni ma ban roƙe shi ya ce ba. Wannan nawa ne, da shi zan je gaban Allah.